Wai a Ingila ma ana tarar ruwan sama?

Yaya wallahi kin ba ni dariya da kika ga duron nan a bayana cikin hoto kika ce ko ba a kawo mana ruwa ne a Landan. Ruwa kam akwai, dare da rana famfo na zuba, sai dai gidaje da yawa an saka musu mita, duk ɗigon da ya fita a kan bil ɗinki yake, kuma mutanenmu na nan kin san su da shuke-shuke, wanda ya samu ɗan fili a bayan gida sai ya sa alayyahu da tumatir da attaruhu, masu ƙarfin hali har yakuwa da kuɓewa suke gwadawa a ɗakin gilashi, to da ruwan mita za a yi ta ban ruwa?

Kuma abin da ba za ki yarda ba, ruwan da ke sauka a Landan a shekara bai wuce milimita 600 da ɗan wani abu ba, Kaduna ta kusa ninka shi. Yayyafi ne kawai kullum yake sa a ɗauka ruwa ya yi musu yawa. A 2022 zafi ya haura digiri 40 a watan Yuli, ciyawa ta bushe ƙarau kamar Maris a gida, kamfanonin ruwa irin su Thames Water suka hana ban ruwa da wankin mota da tiyo, wanda aka kama tarar na iya kaiwa fam 1,000. Ruwan da kika tara da kanki kuwa babu ruwan kowa da shi. Shekarar ce na ƙara duro na biyu.

Ba kamar gida ba ne da hadari na haɗowa Inna za ta ce yara ku fito da bokitai da baho a jera ƙarƙashin indararo kowa ya jiƙe sharkaf. Nan bututu ne ke saukowa daga rufi ta jikin bango, sai a yanka shi a sa wata 'yar mahaɗa da ke karkata ruwan zuwa duro, in ya cika ruwan ya koma hanyarsa ta kwata da kansa. Duron roba ne, yawanci lita 200, da murfi da ɗan famfo a ƙasa, ana ɗora shi kan abu don bokiti ya shiga. Ana cika ɗaya kuma sai a jona wani a gefensa da guntun tiyo, wani dattijo ɗan Zariya da muke masallaci ɗaya huɗu ya jera, matarsa na ce masa ɗan ga-ruwa.

Sha dai ba ma sha, ban da kashin tattabaru ga gansakuka a kan rufin. Shuka ce da wankin tsakar gida, kuma shukar ta fi son shi don ruwan famfon Landan farar ƙasa ta yi masa yawa, ki leƙa cikin butar shayinmu ki gani. Da sanyi ya tsananta nake zubar da shi, na taɓa sakaci ya daskare ya fasa min famfon duron.

Masu zama a bene kuma ba su da halin yi, ɗan haya ma sai ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa bututu.