Yini Ɗaya a Birnin Dabo: Ina Za a Fara, Me Za a Saya?

Wani malamin makaranta daga Gusau ya rubuto yana cewa: "Zan kawo maiɗakina da yaranmu biyu Kano, yini ɗaya kacal gare mu. Gidan Makama za mu je ko Gidan Ɗan Hausa? Kuma mu shiga gari da motarmu?"

Malam, Allah Ya kawo ku lafiya. Motar dai a bar ta a masauki. Ka ɗauki shatar adaidaita sahu, ku gama ciniki tun kafin ku hau, domin a lungunan cikin birni neman wurin ajiye mota kaɗai zai cinye maka hantsi.

Ku yi sammako ku fara da Dutsen Dala kafin rana ta buɗe. Akwai matattakala, yara za su iya. Daga can sama ka nuna musu Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci, ka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura a inda abin ya faru.

Tsakanin gidajen tarihin biyu, ni Gidan Makama zan zaɓar muku. Yana daf da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki, kuma asalinsa tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ginin kansa abin kallo ne. Da ka shiga soro sanyin ginin ƙasa zai tarbe ka, in ka ɗaga kai ka ga yadda magina suka ɗaure rufi da azara. A ciki akwai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Don Allah kada ku zagaya ku kaɗai. Ka nemi ma'aikaci ya yi muku bayani, ka yi masa ihsani, kuɗin nan ba za ka yi da-na-saninsa ba.

Gidan Ɗan Hausa yana Nassarawa, bayan badala. Nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Tunda malanta ce sana'arka, in lokaci ya ragu bayan azahar ka leƙa. Amma a kauce wa Juma'a, hanyoyin fada da masallaci cika suke yi.

Wata baiwar Allah daga Jos ta ce: "Ina son rinannen yadi na tsaraba. Kantin Kwari zan nufa ko Ƙofar Mata?"

Hajiya, in atamfa ce ko shadda, Kwari. In kuwa rinin baba kike so, ki je karofin Ƙofar Mata, wanda ake ƙirga tarihinsa daga 1498. Ki tsaya ki kalli marini tukuna. Zai tsoma yadi a rami ya ɗago shi, ki gan shi kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe shuɗi a gaban idonki. Haka zai yi ta maimaitawa, kuma yawan tsomin nan ne ke kawo duhun launi, shi ya sa mai duhu ya fi tsada. Ki warware yadin gaba ɗaya ki duba ko rinin ya kama ko'ina, ki sunsuna ki ji ƙanshin baba. Shunin da zai ɗan kama miki tafi ba aibi ba ne, sai dai wankin farko ki yi shi daban, da ruwan sanyi. Ki taya, amma kada ki yi tayin wulaƙanci. Marinan sun ragu ƙwarai, kuma cinikin irinku ne ke riƙe da su. Jakar fata da takalmi kuma, sai Kasuwar Kurmi wajen dukawa.

Dukanku kun tambayi abinci. Da safe waina da miyar taushe. Da rana ku nemi gurasa, a yi muku bandashe a gabanku: a yayyafa ruwa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa, a haɗa da tsire mai zafi. Kilishin tsaraba kuwa a Agadasawa za ku saya da yamma, ku ɗanɗana kafin a naɗe muku.