Amsa kan rawar ƙaramar hukuma a lokacin ambaliya

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ƙaramar hukuma ke yi kafin agajin Abuja ya iso idan ambaliya ta afku. A tsarin Najeriya, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, da aka kafa a 1999 ce ke sama, jihohi na da nasu hukumomin agajin da ake kira SEMA, sannan ana son kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 ta kafa kwamitin agajin gaggawa nata.

Babban aikin kwamitin tun kafin damina ne. Idan hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da koguna da ambaliya ta NIHSA suka fitar da hasashen ruwan shekara, kwamitin ne zai zauna da hakimai da masu unguwanni, a yashe magudanan da shara ta toshe, a ware makarantun da za a tsugunar da jama'a, a kuma tanadi kwale-kwale, tabarmi da maganin amai da gudawa.

Abin da ke damuna ƙwarai shi ne, a wurare da yawa kwamitin a takarda kawai yake. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga gidajen Maiduguri da Jere, iyaye suka fito ɗauke da yara a kafaɗa.