Ga ɗan'uwan da aka ce ya koyar da 'yan sa-kai tsayar da jini

Ɗan'uwa, wallahi tambayarka ta taɓa ni. Ka ce kwas na kwana 2 ka yi, aka miƙo maka takarda, yanzu an tara maka 'yan sa-kai 30 ka koya musu abin da za su yi wa wanda aka harba ko ya yi haɗarin mota kafin a kai asibiti, kuma gabanka sai faɗuwa yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai a wannan aiki ya san wannan faɗuwar gaban, ni ma har yau ba ta sake ni ba.

Ka raba su tukuna, mutum 6 zuwa 8 a kowane zama. Abin da ke ƙona min rai shi ne malaman da za su cika ɗaki, su haska majigi awa 4, su ɗaga tunike (igiyar nan mai sanda da ake ɗaure hannu ko ƙafa da ita don tsayar da jini) ɗaya sama a gani, su karɓi kuɗi su raba takarda. Ɗalibin nan bai taɓa murɗa sandar da hannunsa ba. Ranar da ya durƙusa a bakin titi, jini na tsartuwa daga cinyar mutum, hannunsa na santsi, sai ya ɗaura sako-sako. Ɗauri sako-sako kuwa yana toshe jijiyoyin da ke mayar da jini ne, ya bar babbar da ke kawo shi, sai zubar ta ƙaru. Mutumin ya cika a hannun yaron, yaron ya ɗauka laifinsa ne. Alhakin yana wuyan wanda ya sa hannu a takardar, Allah ya isa!

Ga yadda za ka nuna. A ɗaura tunike santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ban da kan gwiwa ko gwiwar hannu. Idan ba a ga inda jinin ke fita ba, can sama kusa da hammata ko matse-matsi. A ja igiyar tam kafin a taɓa sanda, har yatsu 3 su kasa shiga ƙarƙashi; nan mafi yawansu ke faɗuwa. Sai a murɗa har jini ya tsaya, bugun jijiya na ƙasa ya ɓace, a maƙale sandar, a rubuta lokaci. Bai tsaya ba, a ƙara na biyu dab da na farko ta sama. Kowa ya yi wa kansa da hannu ɗaya, ya yi wa abokinsa, kai da kanka ka taɓa ka ji bugun ya ɗauke. Zai yi zafi sosai, ka gaya musu tun farko, don kar kukan majinyaci ya sa su sassauta.

Maganar a riƙa kwancewa duk minti 15 jini ya zagaya, tsohon karatu ne, kuma yana kisa. Har yanzu akwai masu koyar da shi. Ma'aikacin lafiya ne zai sake dubawa, an fi so cikin awa 2.

Ka kula da jabun tunike samfurin CAT da suka cika kasuwa, sandarsu karyewa take ana tsaka da murɗi. Wanda aka yi atisaye da shi ma kar ya shiga jakar aiki, ya riga ya gaji. Shi ya sa tunike na atisaye shuɗi ne.

Wuya, hammata da matse-matsi ba sa ɗauruwa. Cusa bandeji ake yi da yatsa har ƙasan ramin, inda jinin ke ɓulɓulowa, a danne da ƙarfi aƙalla minti 3 idan mai maganin daskarar da jini ne, marar magani kuwa ya fi haka daɗewa. Ba a cusawa a ƙirji ko ciki. Ka samo cinyar saniya daga mahauta ka huda, su koya a kai.

Tsarin nan daga sojojin Amurka ya fito a 1996, jerin kuwa shi ne jini, hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, sai sanyi. Su jirgi ke kwashe nasu, namu a kan babur ake tafiyar awanni, don haka ka matsa kan sanyin. Wanda ya zubar da jini jikinsa na hucewa ko da rana ake ƙwallewa, kuma jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa. A raba shi da ƙasa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi.

Don Allah kar ka koya musu soka allura a ƙirji, ko da sun roƙe ka, ba matakinsu ba ne. Ka kuma gaya musu dokar 2017 ta wajabta wa asibitocin Najeriya karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, don tsoron nan yana sa a ɓoye mutum a gida har ya mutu. Bayan wata 3 ka sake kiransu, ka kashe fitila, ka zuba musu ruwan sabulu a hannu, su sake ɗaurawa kana riƙe da agogo.