Tambayoyinku: goge kayan taitaniyom da leza

Tambaya: Malam, kayan da firintar 3D ta ƙarfe ke fitarwa kaushi gare su. Kankare su leza take yi?

Amsa: Ba ta kankare komai. Kaushin daga garin ƙarfen da bai gama narkewa ba ne ya manne a jiki, da kuma sawun bugun hawa-hawa. Leza fatar sama kawai take narkarwa, tudu ya gangara cikin kwari kafin ya daskare. Gaurayen taitaniyom da ake kira Ti-6Al-4V, mai ma'aunin kaushi (Ra) na maikiromita 10 zuwa 15, kan iya sauka ƙasa da 1 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

Tambaya: Na goge nawa a sarari, ya fito shuɗi mai sheƙi gwanin sha'awa. Dole ne sai na sayi iskar agon?

Amsa: Ranka ya daɗe, shuɗin nan da ya burge ka shi ne shaidar ɓarnar da ka yi. Wannan ƙarfe sai zafi ya haura digiri 1,600 na Salsiyos yake narkewa, alhali tun kusan 500 yake fara zuƙar oksijin, in zafin ya ƙaru ya haɗa da naitirojin. Fatar da ta sha su tauri take yi, ga gautsi, kuma daga nan tsaga ke farawa. Launi ma'auni ne: fari kamar azurfa ya yi, ruwan ɗorawa kaɗan gargaɗi ne, shuɗi ko toka-toka kuwa iska ta shiga. Abin na damuna matuƙa, domin irin kayan nan cikin jirgin sama da jikin ɗan Adam ake sa su. Rufe aikin a akwati, ka tura agon, iskar da ba ta haɗuwa da ƙarfe, ya kori iskar ciki kafin ka kunna leza, kar ka kashe agon ɗin sai ƙarfen ya huce. Ni akwati nake so, ba bututun da ke hura agon daga gefe ba. Ka kuma wanke garin da ya maƙale tukuna, don garin taitaniyom yana kama wuta. Ko da agon ɗin ma, saurin hucewa yana barin fatar a ɗame, sai ka mai da kayan tanderun da aka zuƙe wa iska su saki jiki, in ba haka ba sulɓin ba zai hana su karyewa da wuri ba.

Tambaya: Za ta goge cikin ƙananan hanyoyin ruwan da aka buga a ciki?

Amsa: A'a, sai inda haskenta ya kai. Nemi wankin sinadari ko tura kunun yashin gugar ƙarfe ta ciki.