Amsa kan manhajar Chrome mai sauko da kayan Play Store

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramar manhajar da ake liƙa wa Chrome za ta sauko maka da manhajojin Play Store a kwamfuta. Aikinta shi ne ciro fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake girka manhajar Android da shi, wanda ake turawa wayar Android a girka, kuma hakan na da amfani ga mai gyaran waya a kasuwar Maradi, domin saukewa ɗaya ta isa wayoyi da yawa ba tare da ƙona data ba. Sai dai ba kamfanin Google ne ya ƙera ta ba, don haka idan ta nemi kalmar sirrin Gmail ɗinka, kada ka bayar. Gara ka buɗe play.google.com, ka zaɓi manhajar da kake so da kuma wayarka, ta sauka can kai tsaye.