Robar ruwa ba ta zafi ba ce

Hajiya, kin tambaya ko za ki iya zuba sobolo, wato zoɓo, da zafinsa a cikin robobin ruwa da kika wanke don sayarwa a unguwar Nima ta Accra. A'a, ki bar shi ya huce sarai tukuna. Juya robar ki duba gindinta, za ki ga lamba 1 a cikin alama mai kusurwa uku. Wannan irin robar ita ake kira PET, an yi ta ne domin abu mai sanyi, kuma da zafi ya kai kamar digiri 70 a ma'aunin Celsius sai ta fara laushi tana lanƙwashewa.

Ni ma na taɓa yin gaggawa wata ranar Juma'a, robobi suka motse a hannuna, murfi ya ƙi zama, sobolo ya zube rabi. Tun daga nan a bokiti mai lamba 5 nake tace shi, wato robar da ake kira PP, irin wanda ake samu a kasuwar Makola, domin shi yana jure tafasasshen ruwa. Sai ya yi sanyi nake ɗurawa. Robar da ta dushe ko ta karce a ciki kuwa ki yar da ita, datti yana maƙalewa a nan, kuma yara ne suka fi saye.