Amsa ga mai tambaya kan kai manyan damben boksin Saudiyya

Salam ɗan uwa. Ka tambaya wai me ya sa ake ta kwashe manyan damben boksin ana kai su Saudiyya alhali magoya bayan suna Ingila da Amurka, kuma wai shin ihun ƴan gida yana taimakon ɗan dambe ko kuwa surutu ne kawai. To ni dai na daɗe ina bin wasan nan, tun muna kwana gidan kallo saboda damben Las Vegas, bari in faɗa maka abin da na gani.

Maganar wuri kuɗi ne ke yanke ta, kuma ba yau aka fara ba. Damben Muhammad Ali da George Foreman na 1974 ai ba don kowannensu ɗan Kinshasa ne aka kai shi can ba, gwamnatin Mobutu ce ta tsaya wa abin, kowa aka yi masa alƙawarin dala miliyan 5, har ma sai wajen ƙarfe 4 na asuba aka fara don ya dace da lokacin masu kallo a Amurka. Yau kuma Turki Alalshikh, jami'in Saudiyya mai kula da harkar nishaɗi, da bikinsu na Riyadh Season ne ke riƙe da jakar. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, an daɗe ana ja-in-ja kan haɗa Tyson Fury ɗan Ingila da Oleksandr Usyk ɗan Ukraine, kowane promota na jan nasa, sai da kuɗin Saudiyya ya shigo sannan aka yi shi a Riyadh a watan Mayun 2024. To a nan kam dole a yaba masu.

Amma fa ba ɗaya ba ne wallahi. Ban manta daren Anthony Joshua ɗan Ingila da Wladimir Klitschko ɗan Ukraine a filin Wembley na Landan ba, Afrilun 2017, mutum 90,000. Muna gidan kallo na unguwarmu an cika maƙil, wasu a kan benci wasu a tsaye jikin bango, janareta na ta ƙara a waje amma ihun da ke fitowa daga sifikar talabijin ya danne shi. Joshua ya kai Klitschko ƙasa a turmi na 5, sai ga shi a turmi na 6 shi ma ya sha ƙasa, ɗakin ya yi tsit, wani dattijo kusa da ni ya cire hularsa ya matse ta a hannu bai ko sani ba. Yaron nan ƙafafunsa sun mutu, kowa na gani, amma filin nan bai bar shi ba, suna ta kiran sunansa har numfashinsa ya dawo ya gama da mutumin a turmi na 11. Har gobe ina ganin da a wani ɗakin da babu nasa aka yi, da wuya ya farfaɗo haka. Mu da muka san gidan damben gargajiya ba sai an yi mana bayani ba, ka ga yadda ɗan dambe ke canjawa in makaɗi ya kama kirarinsa ƴan ɓangarensa suka ɗauki sowa.

Sai ka kwatanta da na Riyadh, musamman na farko-farko. Kujerun gaba duk manyan baƙi ne da taurarin ƙwallo, ana dambe na fitar hankali amma wurin shiru-shiru, har kana jin maganar koci daga kusurwa. Talakan da ya bi ɗan damben nan tun yana wasa a ƙananan ɗakuna shi ne ba ya iya biyan jirgi da otal, wannan abin yana min ciwo sosai. A 2007 dubban mutanen Manchester suka bi Ricky Hatton har Las Vegas da ganguna da waƙe-waƙe, Mayweather ya buge shi a turmi na 10 amma ba su fasa rerawa ba.

Sai dai kar ka ɗauka jama'a na cin dambe. Usyk ya je har filin Tottenham a 2021 ya ƙwace kambunan Joshua a gaban mutanensa. Daniel Dubois ma a Wembley ya kwantar da Joshua a turmi na 5 a 2024, alhali yawancin filin Joshua suke yi. In hannu ya sauka a haɓa ba ruwansa da yawan masu ihu. Wani lokacin ma nauyin ƴan gida ne ke sa mutum ya yi gaggawar neman kisa ya buɗe fuska.

Inda gida ke da tasiri na gaske kuma shi ne wajen alƙalai. Duk naushin da ɗan gida ya kai ko iska ya daka sai fili ya ɗauka, na baƙo kuwa ko ya shiga ba mai motsi, alƙali kuma ɗan Adam ne. Duba Lennox Lewis ɗan Ingila da Holyfield ɗan Amurka a Madison Square Garden na New York 1999, kusan kowa ya ga Lewis ya yi nasara amma aka ce kunnen doki. Shi ya sa wasu ƴan damben ke son wurin da ba na kowa ba, kuma Usyk da yaƙi ya hana shi wasa a Ukraine ai ka ga Riyadh ta fi masa adalci a kan Ingila.

Mu nan abu ɗaya da muka ƙaru da shi lokaci ne, Saudiyya awa 2 kawai ta fi mu, wajen tsakar dare an yi an gama, ba kamar na Joshua da Ruiz a New York 2019 da muka kai daf da kiran assalatu ido biyu ba. Ni burina dai in ga an kawo babban kambu Najeriya, don an taɓa yi, Dick Tiger ɗan Najeriya ya doke Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan a watan Agustan 1963.